Kawuna matuƙin jirgi ya rasu, ya bar mana littattafan da ba mu iya karantawa

ƊanBilbis:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Yau kwana arba'in da rasuwar kawuna, wan mahaifiyata, nan Yamai. A Yantala muka kai shi. Waɗanda suka zo mana gaisuwa da waɗanda suka kira, Allah ya bar zumunci. Haifaffen Tawa ne, ya shiga soja tun yana saurayi, ya tuƙa jiragen soja shekaru da dama, daga baya ya koma Air Afrique ya zauna Abijan har kamfanin ya rufe. Mu da ƴan unguwa Komanda muke ce masa.

Jiya aka buɗe akwatinsa saboda rabon gado. A ƙarƙashin kakinsa da hularsa muka tarar da littattafai uku masu baƙin bango, kowane shafi an ja masa layuka, an cika shi da rubutun hannunsa da shuɗin biro. Na zauna tun bayan isha'i har ƙarfe biyun dare ina buɗawa, ban gane komai ba in ban da kwanan wata. Sauran duk haruffa ne: DRRN, DRRT, DRZA, DRZD, can gaba kuma DIAP, GOOY, OEJN. Abin da ya hana ni barci shi ne, shekara goma sha biyu na yi a gidan mutumin nan ina zuwa lekol, ban taɓa zama na ce masa kawu ba ni labarin sama ba. Kullum ina ganin akwai lokaci.

Tambayata biyu ce. Akwai wanda ya san wancan zamanin ya fayyace mana abin da ke ciki? Sannan me ya dace a yi da littattafan? Ɗaki biyu ya bari, littafi uku, wasu na cewa a raba. Ni kuwa zuciyata ba ta ba ni a raba su ba.

Hadiza_Talaje:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mu da muka tashi a Talaje da ƙarar jiragen nan muka girma, amma ba mu taɓa tunanin ɗan Tawa ne a ciki ba. Muna yara mun ɗauka Nasara kaɗai ke tuƙa jirgi.

TsohonHasumiya:
Allah ya gafarta masa. ƊanBilbis, ɗana, abin da ke hannunka littafin tashi ne, duk matuƙi yana da irinsa, da shi ake ƙirga awowin da ya yi a sama. Ni a hasumiyar filin jirgin Yamai na yi aiki har na yi ritaya, don haka haruffan nan kamar sunayen ƴaƴana suke gare ni. DRRN Yamai ce. DRRT Tawa, garinku. DRZA Agadas, DRZD Dirku, in ka ga DRZR Damagaram ce, DRRM kuma Maraɗi. DIAP Abijan, GOOY tsohon filin Dakar na Yoff, OEJN Jidda, wato jigilar alhazai ke nan. Duba layin da ke kusa da kwanan wata, za ka ga lambar jirgin. Wanda ya fara da 5U na Nijar ne, wanda ya fara da TU rajistar Kwaddibuwa ce. Inda 5U ya ƙare TU ya fara, nan kawunka ya tuɓe kakin soja. Abu ɗaya kuma, agogon da muke aiki da shi a harkar jirgi na duniya ne, namu na Nijar yana gaba da shi da awa ɗaya. In ka ga an rubuta ƙarfe biyar na safe, ƙarfe shida ne a nan.

ƊanBilbis:
Baba TsohonHasumiya, Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba, wallahi haka ne. Littafin farko duka 5U ne, kuma kusan duk tashin da sassafe. Akwai watanni a 1973 da 1974 da kusan kullum DRRN zuwa DRZA ne ko DRZD, wani lokaci sau biyu a rana.

Bakanike_101:
Shekarun fari ke nan, yaro. Allahu akbar. Ni bakaniken jirgi ne, a sansanin sojan sama na Yamai na ƙare ƙuruciyata, kuma in dai Ba'adare ne dogo mai ƙarancin magana, ina jin na san wanda kake nufi, amma ba zan rantse ba. Lokacin ba a ce mana rundunar sojan sama, eskadiri ake ce mana, mu ƴan kaɗan ne, kowa ya san kowa. Muna da Noratlas, wannan mai wutsiya biyu da ake buɗe masa ƙofa ta baya, Jamus ta Yamma ta ba mu su. Shi ne jakinmu. Buhunan jar dawa da madarar gari muke loda masa zuwa arewa, inda mota sai ta yi kwanaki ba ta isa ba, don lokacin ba a shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit ba tukuna. Jiragen ƙasashen Turai ma sun zo sun taimaka, ba mu kaɗai ba ne, gaskiya ɗaya ce.

Tashin sassafe da ka gani kuwa ba son rai ba ne. In rana ta take, iska takan yi sauƙi, fukafuki ba sa samun abin kamawa sosai, injin ma ƙarfinsa ya ragu. Jirgi mai cike da hatsi a filin Agadas da tsakar rana cikin watan huɗu, sai ya cinye filin bai ɗaga ba. Shi ya sa mu tun kafin kiran assalatu muna ƙarƙashin jirgi da tocila, muna duba mai, muna duba taya, muna share rairayin da ya shige ko'ina. Kuma babu wannan na'urar da ke nuna maka hanya a waya yau. Taswira ce a cinya, da kamfas, da agogo, da rediyo. In hazo ya rufe a hunturu, ƙasa da sama launinsu ɗaya.

Amma bari in faɗi abin da ke raina. In za a rubuta tarihin matuƙa, a tuna da mu ma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matuƙi yana da littafi, mu ba mu da komai sai ciwon kunne da ciwon baya.

Adar_Kurmi:
Allah shi jiƙan maza. Mu da munka yi zaman Abijan mun san shi hwa. Duk Ba'adaren da ke Ajame ko Tireshbil wancan lokaci ya san muna da ɗan'uwa mai galo huɗu ga kahwaɗa. In anka yi rasuwa ko suna cikin ƴan Tawa, sai ka gane shi ya zo da babbar riga ya zamna bisa tabarma kamar kowa, ba ka cewa shi ne ke kai manya Paris. Sau nawa munka ba shi wasiƙa da ɗan saƙo ya kawo Yamai. Lokacin babu salula, babu kamfunnan aika kuɗi. Bai taɓa ɓata rai ba.

Gaskiya227:
Allah ya jiƙansa, ba na magana a kan mamaci, a kan tsarin nake. Amma a bar ni in tambaya. Da kuɗin wa aka kai shi waje ya koyi tuƙin jirgi? Da kuɗin talaka mai noman gyaɗa da mai biyan jangali. Ƙasa ta horar da mutum don ya yi mata aiki, ya ƙware, sai ya ajiye kaki ya tafi kamfanin Faransawa inda albashi ya fi tsoka. Haka likitocinmu ke yi yau, haka injiniyoyi. Muna yabo, amma wannan ɓangaren ma a faɗa.

Malama_Tarihi:
Gaskiya227, ka yi kuskure wuri ɗaya. Air Afrique ba kamfanin Faransawa ba ne, ko da yake suna da hannun jari a ciki. Ƙasashe goma sha ɗaya ne suka sa hannu a Yawunde ranar 28 ga Maris 1961 suka kafa shi, kuma Nijar tana cikinsu, tare da Sanagal, Kwaddibuwa, Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya, Muritaniya, Dahome da Burkina wadda a lokacin ake kira Haute-Volta. Hedkwata dai a Abijan take. Saboda haka ɗan Nijar da ya tuƙa jirgin Air Afrique jirgin ƙasarsa ya tuƙa. Kuma babban abin da aka daɗe ana kokawa a kai shi ne kujerar gaba ta fita daga hannun Turawa ta dawo hannun ƴan Afirka. To daga ina za a samo ƙwararrun in ba daga soja ba?

Gaskiya227:
Na karɓi gyara a kan mallakar kamfanin, Malama. Amma tambayata tana nan. Da ya tafi Abijan, wa ya ci gaba da kai hatsi Dirku? Fari na 1984 ya fi na 1973 zafi a wurare da yawa.

Bakanike_101:
Ƙannensa da ya koyar, ɗana. A 1979 muka samu C-130 guda biyu, kowanne yana ɗaukar abin da Noratlas ba ya iyawa, kuma matasa sun dawo daga horo. Soja ba ya tashi ya tafi don ganin damarsa, sai manya sun sallame shi. Zamanin Kunce ne fa muke magana, ba a wasa da wannan.

Ɗan_Gaweye:
A gafarce ni, ba jirgin Air Afrique ba ne ya faɗi a Tenere lokacin muna firamare? Ina tuna an yi ta faɗa a Muryar Sahel.

TsohonHasumiya:
A'a, na UTA ne, kamfanin Faransa. DC-10, ranar 19 ga Satumba 1989. Ya taso daga Birazabil, ya sauka Njamena, ya tashi zai tafi Paris, bam ya tarwatsa shi a sararin samaniyarmu. Mutum 170, ba wanda ya fita. Mutane kan rikita su don su ma Air Afrique suna da DC-10. Ranar nan duk wanda ke aikin hasumiya a ƙasar nan bai manta ta ba. Ka yi ta kiran jirgi a rediyo, shiru. Ba na fatan ko maƙiyina ya ji irin wannan shirun.

Hajiya_Wadata:
Ni dai Air Afrique ta kai ni Makka, jirgi mai koren zane da kan barewa. Kakana kuwa a ƙasa ya tafi, ta Cadi da Sudan, sai da ya shekara bakwai kafin ya dawo, an ma fidda rai da shi. Ni awowi kaɗan na ga kaina a Jidda. Duk wanda ya tuƙa mu, Bature ne ko ɗan gida, yana cikin addu'ata. Me ya kashe kamfanin nan ne wai? Har yau ban gane ba.

Malama_Tarihi:
Abubuwa ne suka taru, Hajiya. Masu gida sun yi yawa, kowace ƙasa tana son a ɗauki ƴaƴanta aiki, a sauka a babban birninta ko da fasinja ko babu, gwamnatoci kuma suna karɓar tikiti bashi. Kamaru ta fice tun 1971, Gabon ta bi bayanta. Sai aka sayi sababbin Airbus da bashi, ga shi a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa da ake saya 50 ta koma 100. Kuɗin shiga da sefa, bashi da kuɗin waje, ka ga ya ninka dare ɗaya. A 2002 aka rufe.

Sani_Kar:
Ku kuna maganar Abijan da Paris, ni maganar gida ke damuna. Babana yana ba mu labarin Air Niger tana sauka Tawa, Maraɗi, Damagaram, Agadas. Yau in zan je Tawa daga Yamai sai in kwana a tasha, mu tashi da asuba, Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kilomita wajen 550, in isa bayana kamar an daka. Abin da jirgi ke yi a awa ɗaya da ƴan mintuna. Ga filin jirgi a Tawa yana nan, amma talaka sai dai ya hango shi daga titi.

Ɗan_Gaweye:
Ko wancan lokacin ma ba talaka ke hawa ba, Sani. Ma'aikata ne da ƴan kasuwa da Turawan ma'adinai.

Abdul_Terminal:
Salam iyayena. Ni bana zan yi bak, kuma tun ina ƙarami tuƙin jirgi nake so. An ce mini in je EAMAC, makarantar harkar jiragen sama, nan Yamai. Gaskiya ne? Kuma dole sai ta soja?

TsohonHasumiya:
A EAMAC na yi karatu, jikana, makarantar ASECNA ce, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a ƙasashen Afirka da dama, amma ba a koyar da tuƙi a can. Masu kula da zirga-zirgar jirage take fitarwa, da masana yanayi, da masu gyaran na'urori. Aiki ne mai daraja, kada ka raina. In tuƙi kake so, ko dai ka ci jarrabawar soja a tura ka waje, ko iyayenka su biya maka makaranta kamar ta Zariya a Najeriya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Shi ya sa ɗan talaka tun zamanin Komanda har yau ta ƙofar soja yake shiga. Ka riƙe lissafi da Ingilishi, ka kula da idonka. Ƴan mata ma hanya a buɗe take, ga Ouma Laouali da ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin sojanmu a 2015.

Ƴar_Komanda:
Assalamu alaikum. Yayana ƊanBilbis ne ya turo mini wannan, na karanta duka ina kuka. Ni ce ƴarsa ta uku. Na gode wa kowa, har da Gaskiya227, don Baba da kansa yakan ce ƙasa ta yi masa abin da ba zai iya biya ba.

Ku kun san shi a sama, mu mun san rashinsa a gida. Sallah nawa muka yi ba ya nan. Ranar sunana ma yana Jidda, na ji labari wajen Inna, jiya kuma na gani da idona a littafi na biyu, ga kwanan watan, ga OEJN. Inna ba ta barci in ya tashi. Rediyo na kusa da matashinta, ba don waƙa ba.

Da ya dawo Yamai gaba ɗaya, abin da ban manta ba shi ne yadda yake yi da tsohuwar motarsa. Ko masallacin Juma'a za shi, sai ya zagaya ta sau ɗaya, daga hagu, ya taɓa kowace taya da hannu, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga, ya shiga, ya karanta subhanallazi sakkara lana haza, sannan ya tayar. Muna yara muna jin kunya in da baƙi. Kuma duk safiya in ya fito da butarsa, kafin ya gaida kowa sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. Wata rana ya ce mini yau ba mai sauka Damagaram, ni kuwa ban ga komai ba sai ɗan fari-fari a sama. Da yamma hazo ya rufe gari.

Sau ɗaya na ga hawayensa, a 1997, da C-130 ɗin soja ya faɗi kusa da Yamai. Lokacin ya daɗe da barin soja, amma ya zo ya yi kwana uku yana bin gidajen gaisuwa.

Maganar littattafai, ni ma ba na son a raba. Amma a fahimci Umma, abokiyar zaman Inna, ita ba ta da ko hotonsa na aiki, wannan kaɗai take gani za ta riƙe.

Bakanike_101:
Ƴata, kin sa na ajiye waya na yi shiru. Zagayen nan daga hagu, haka ake yi wa jirgi kafin tashi. Shi ne, wallahi shi ne. Hatsarin 1997 kuwa kada a tuna mini, akwai waɗanda na koya wa riƙe sifana a ciki.

Malam_Zongo:
Allah ya ba ku haƙuri. A shari'a duk abin da mamaci ya bari na magada ne, ƙarami da babba, kuma ba mai ikon kyautar da shi sai da yardar kowa. Amma in duka suka amince a bar littattafan wuri ɗaya a hannun amintacce, babu laifi. Kada dai a tilasta wa uwar gida ko amarya, kada kuma takarda ta raba zumunci. ƊanBilbis, kai ɗan ƴar'uwa ne, shawara kake da ita, ba hukunci ba.

ƊanBilbis:
Na ji, Malam, kuma na karɓa.

Malama_Tarihi:
Kafin a yanke komai, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, da rana, a tura wa kowane ɗa da ƴa. Gara da ɗigon damina ba sa jiran a gama shawara. Bayan haka ana iya tuntuɓar ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ko cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Yamai, ko gidan tarihi na Bubu Hama. Su Baba Bakanike da Baba TsohonHasumiya kuma a je a naɗi muryarsu, don littafin ba ya faɗin abin da aka ɗauko ko wanda aka kai. Abin na ba ni takaici. Tambayi kowane yaro a Tawa wa ya ɗauki takobin farko a kokowar 1975, zai ce maka Kantu na Maraɗi, kuma ya kyauta da ya sani. Amma tambaye shi sunan matuƙi ɗaya da ya kai wa Agadas hatsi shekara ɗaya kafin nan.

Adar_Kurmi:
Kokowa tana da makaɗa da maroƙa, Malama. Direban jirgi wa zai yi mai kiɗi, shi da ba a gani nai sai ƙara.

Gaskiya227:
Ƴar_Komanda, ki yafe mini in na sosa miki rai. Abin da kika faɗa ya shige ni. Har yanzu dai ina nan a kan cewa ƙasar da ke horar da mutane ya kamata ta san yadda za ta riƙe su, da yadda za ta amfana da su in sun dawo. Mutum irin wannan ya zauna Yamai fiye da shekara ashirin yana zagaya mota, ba wanda ya kira shi ya tsaya gaban ɗalibai irin su Abdul.

Fati_Agadas:
Ɗan'uwa ƊanBilbis, don Allah in ka samu lokaci duba mini farkon 1974. Mahaifiyata ta ce naƙudata ta zo da gardama, lokotoro ya ce sai Yamai, jirgin soja da ya kawo hatsi shi ya koma da ita kwance a kan buhunan da babu komai. Ba ta san sunan direban ba, ta ce dai da Hausa ya yi mata sannu. Shekara hamsin tana yi masa addu'a.

ƊanBilbis:
Yaya Fati, na duba. A watanni ukun farko na 1974 akwai layi huɗu na DRZA zuwa DRRN da ya rubuta EVASAN a gefe. Babu suna ko ɗaya.

TsohonHasumiya:
EVASAN ɗaukar marar lafiya ke nan. Ba a rubuta sunan majinyaci a littafin tashi, kuma ba shi kaɗai ke bin hanyar ba, saboda haka kada mu ce shi ne. Fati, turo wa ƊanBilbis ranar haihuwarki ta akwatin sirri a gwada da waɗannan huɗun, in takardarki ba irin ta "an haife ta wajajen shekara kaza" ba ce. ƊanBilbis, ka nemi izinin iyayenka mata, ka zo mini da littafin farko ranar Asabar bayan la'asar, gidana ba shi da nisa da filin jirgi. Bakanike, kai ma ka zo, idona ya yi rauni, kuma lambobin jiragen kai ka fi ni saninsu.

Bakanike_101:
In Allah ya kai mu. A samo mini mai babur daga Gamkalle, ƙafar ba ta kai ni nisa yanzu.

Abdul_Terminal:
Baba, ni zan ɗauko ka. In an yarda in zauna in saurara.